Kawu Haladu da Masu Neman Baƙuwa

Duk wanda ya zauna da Kawu Haladu a unguwar Gubaira ta birnin Riyad ya san ba ya karɓar abu sai ya ji asalinsa. Ko tumatir zai saya a kasuwar Utaiƙa, sai mai tebur ya faɗa masa gonar da aka tsinko shi. Ni da nake ɗan ƙanwarsa, ranar da na sauka Riyad zan kama aikin haɗa magani, sai da na kawo sunan kakata kafin ya karɓi jakata.

To, mutumin nan ne ya tsinci 'yar kwikwiya a ƙarƙashin wata matacciyar mota bayan shagonsa na walda, ana tsakiyar zafi, ƙafa a karye, harshe a waje. Ba uwa, ba uba, ba mai shaida. Ya sa safar walda ya ɗauke ta, ya ɗaure ƙafar, ya ba ta ruwa a murfin fenti. Na tambaye shi ina aka bar binciken asali. Ya ce baƙuwa ce, sai ta huta tukuna. Shekara biyu tana hutawa, sunan Baƙuwa kuma ya bi ta.

Bai taɓa yarda cewa kiwon kare yake yi ba. Gadi take yi, in ji shi. Mai gadin kuwa kullum tana kwance gaban fankar da ya kafa mata, ko kai ba ta ɗagawa in an shigo. Har riga ya ware don ba ta abinci, tana rataye a ƙusa, ba ya salla da ita.

Ana nan kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, ya sayar da shagon, aka buga wa Kawu huruj, wato takardar fita, aka ba shi sati uku ya bar ƙasar. Sabon mai shago ya ce kada ya tarar da kare. Gurguwar karya a titin Riyad cikin wannan rana, kowa ya san ƙarshenta. Na nemo wata ƙungiyar 'yan sa-kai da ke samar wa dabbobin da aka tsinta gida. Shugabarsu, Ummu Faisal, ta zo aka yi wa Baƙuwa allurai, aka ɗauke ta hoto aka watsa. Ta bayyana mana cewa ƙa'idarsu sai sun ga gidan mai nema kafin su bayar. Kawu ya yaba ƙwarai, ya ce waɗannan sun san abin da suke yi, amma shi ne waliyyi.

Na farko cikin masu neman wani injiniya ne mai gida da ciyawa. Kawu ya zaunar da shi kan garwa, ina yi musu tafinta, ya tambayi garinsu da sana'ar mahaifinsa, sannan ya tambaya ko ya taɓa riƙe kare. Mutumin ya ce ya taɓa, amma da ya sauya gida ya bayar. Kawu ya juyo gare ni.

"Mai saki ne. Sallame shi."

Na biyu miji da mata ne, sun zo har da 'yar rigar da suka saya mata. Laifinsu ɗaya: sun wuce Kawu sun tsuguna gaban Baƙuwa ba su gaishe shi ba. Na uku an kore shi saboda ya amsa waya ana tsakiyar magana.

Saura kwana shida, Ummu Faisal ta kira ni ta ce ta yi fama da masu taurin kai, amma ba ta taɓa ganin mai neman taimako yana korar taimakon ba. Na je na sami Kawu da zafina, na tuna masa cewa ko 'yarsa Hajara da ya aurar a Funtuwa bai yi wa mijinta wannan titsiye ba.

"Likita," ya ce, haka yake kirana in zai raina mini karatu, "Hajara tana da baki, tana da waya. In an ƙuntata mata ta san hanyar gida. Wannan in ta yi yaji, gidan wa za ta?"



Na huɗu wani dattijo ne ɗan Sudan, Ammu Usman, mai kula da gonar dabino a bayan gari. Ya zo da tsohuwar a-kori-kura, bai ma cike takardar ƙungiya daidai ba. Ya yi gaisuwa irin tasu wadda ba ta ƙarewa, sannan ya tambayi yadda ƙafar ta karye, da ko tana yi mata ciwo lokacin sanyi. Washegari Kawu ya tura ni gonar, ni da Ummu Faisal. Ita ta duba shinge, ni aka ce in tambayi maƙwabta halinsa. Maƙwabtan raƙuma ne da wani makiyayi guda. Na dawo da rahoton cewa akwai inuwa, akwai ruwa, makiyayin ma bai san shi da faɗa ba.

Ranar da Ammu Usman ya zo ɗaukar Baƙuwa, Kawu ya loda wa motarsa kayan ɗaki: fanka, tabarma, buhun abinci, da kwanon ƙarfe da ya ƙera da kansa. Ummu Faisal ta ce ya shiga a raka ta. Ya ce a garinsu uba ba ya kai amarya. Ya koma cikin shagon da aka riga aka kwashe, ya ɗauki gilashin walda ya rufe fuska, ya tsaya a haka har ƙarar motar ta ɓace. Babu ko guntun ƙarfe a gabansa.

Bara aka kira ni daga Funtuwa cewa Kawu ya cika, bayan gajeriyar jinya. Baƙuwa tana nan, ta yi ƙiba, ɗingishin ma ya ragu.

Allah Ya jiƙan Kawu Haladu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya saukar da shi cikin inuwa da ruwan sanyi. Amin.