Yatsun Baba Ne, Amma Ban Zauna Ba

Yau shekara bakwai da rasuwar Hamma Buba, mai ɗori na Nukkai. Ni ne ƙanensa da ya kore shi daga gidan ubanmu.

Agola ne. Mahaifiyarsa ta zo da shi gidanmu a unguwar Turaki, cikin Jalingo, tun ba a haife ni ba. Baba mai ɗori ne, haka kakanmu, kowa kuma ya san ɗori gado ne. Shi ya sa ban taɓa zama na koya ba; na ɗauka abin yana jirana a cikin jini. Hamma Buba kuwa, Baba kan fasa ƙwarya ya zuba gutsattsarin a buhun dusa, ya ce ya cusa hannu ya haɗa su ba tare da ya gani ba. Shekaru ya yi yana wannan, ni ina yi masa dariya.

Da Baba ya rasu, a gaban dangi na ce agola ba ya gadon ɗori. Ya naɗe tabarmarsa ya koma Nukkai, ni kuma na karɓi ɗorin Baba.

Mutum na huɗu da na ɗora, wani tela ne da ya faɗo daga mota. Na yi tofin da na haddace, na jera kara na ɗaure. Ƙafar ta kama a karkace. Har gobe yana ɗingishi, bai sake taka keken ɗinki ba. In mun haɗu shi ke fara gaishe ni, wannan ya fi mini zagi ciwo. Daga kansa na daina.

Yanzu masu karaya hoton ƙashi suke fara ɗauka. Da Hamma na nan, na san zai ɗaga hoton ya duba da kyau, ya yaba, sannan ya sa babban yatsa ya laluba da kansa.

Sai da ya kwanta ciwon ajali na iya taka gidansa. Na fara neman gafara, ya kama hannuna yana matsa gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya.

"Yatsun Baba ne sak," ya ce. "Da ka zauna, Sale, da ka fi ni."

Bai bar ɗa ba, ni kuma ba ni da abin da zan koya wa nawa. Abin da ya rage nasa yana yawo a Jalingo: mutanen da ke tafiya daidai, ba wanda zai ce sun taɓa karyewa. Nawa kuwa mutum ɗaya ne, ana gane shi tun daga nesa.

Allah Ya jiƙan Hamma Buba, ni kuma Ya yafe mini.