Tsohon da Ya Ce Ba Ɗansa Ba Ne

Ni lauya ne mai zaman kansa, aikina kare wanda ake tuhuma, kuma ba yabon kai ba, na iya. Sai dai rabin iyawar ba a makaranta na samo ta ba. Mahaifina dillalin shanu ne a Faskari. Tun ina ƙarami nake zama gefensa a kasuwa, ina jin yadda makiyayi ke cewa a'a alhali ya riga ya sallama.

Da muka gama karatu abokaina suka nufi manyan birane. Ni na kama shago ɗaya a Kankara, tebur da kujeru uku da fanka mai kuka. Suka ce na haukace, na bar su da kwat ɗinsu.

Wata shekara aka kawo mini maganar wani makiyayi daga wajen Damari, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Ya kai bijimi kasuwa, wani ya riƙe igiyar ya ce nasa ne da aka sace. Wata uku yana tsare. Ya dage cewa a garken ubansa aka haifi bijimin, amma takardar bincike ta ce an tambayi tsohon, ya ce wannan ba ɗansa ba ne. Mai gabatar da ƙara baƙo ne a yankinmu. Ya riƙe wannan layi gam: wanda ubansa ya tsame hannu daga kansa, ai ɓarawo ne.

Na karanta na yi dariya, sannan raina ya ɓaci. Na gane makiyayin ɗan fari ne. A wajenmu uba yana jin kunyar ɗan farinsa, ba ya kiran sunansa, ba ya cewa nasa ne a gaban mutane.

Na tafi rugar tsohon da kaina, na cire takalmi na zauna.

"Baba, bijimin nan ɗan wace saniya ne?"

"Ɗan jar nan mai karyayyen ƙaho. Ni na ba yaron ga kakar kakarta tun ranar suna nai."

Ban tambaye shi ko yaron wane ne ba. Na shirya in bi da shi ta gefe har gaban alƙali, kuma haka na yi: saniya, tsagar kunne, damunar haihuwa, duk ya zayyana tiryan-tiryan. Na zauna ina jin kaina.

Sai abokin karawata ya miƙe. "Malam, ka ce ba ɗanka ba ne. Yau faɗa wa kotu, ɗanka ne ko ba ɗanka ba?"

Na yi zumbur zan hana, alƙali ya ce in zauna. Na san in ya sake musantawa mutumin nan zai kwashi shekaru a gidan yari. Tsohon ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana murza sandarsa.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "ni na haife shi. Shi ne na farina."

An sallami mutumin ranar. Amma tun kafin alƙali ya buɗe baki ya riga ya durƙushe a akwatin tuhuma yana kuka. Na matsa na ce ya yi haƙuri, ai mun yi nasara.

"Ba shi ba ne, Lauya," ya ce. "Shekarata arba'in, yau na fara jin ya faɗa."