Buhun Paiko

Jama'a, yau saura kaɗan in yi wata guda ina cin irin doya!

Kuɗin lamunin karatu ya shigo jiya. Na ce wallahi wannan karon ba zai ƙare a indomi ba. Da sassafe na shiga motar Paiko, can kaya sun fi araha. Shinkafa, wake, garin kwaki, duk na ɗure a buhu ɗaya, na ɗaura masa jan ƙyalle.

Na dawo gida Maitumbi, na kwance buhu. Innalillahi! Doya ce ƙanana duk ƙasa, irin shuka! Ashe wani ma a motar jan ƙyalle ya ɗaura wa buhunsa!

Rukayya, abokiyar ɗakina, ta ce, "Ke, abinci dai abinci ne."

Na ce, "Abincin watana fa kenan ya tafi!"

Na kasa zama. In fita ƙofa, in dawo, in sake leƙa buhun ko zai canza. Lambar direba ma ba ni da ita.

Bayan la'asar sai ga sallama. Wani dattijo ne da buhuna a kai! Mai Keke Napep ɗin da ya kawo ni daga tasha ne ya nuno masa gida.

Ya ce, "'Yata, shinkafarki ba ta tsira a kunyar gonata. Ina irina? A ƙirge yake."

Na ce, "Baba, ko taɓa shi ba mu yi ba!"

Ban rufe baki ba Rukayya ta leƙo da faranti, doya soyayya tana tururi.

"Baba, bismillah!"