Firjin da Ƙanƙara Ya Sa wa Kwaɗo

Na fara ganin Ƙanƙara ranar Litinin, 6 ga watan Maris, 2017, a tagar karɓar samfur ta asibitin da nake aikin akawu. Mai gyaran firji ne, daga nan ya samo sunan. Ya zo da 'yarsa mai shekara tara, siririya, da wani abu ƙunshe a leda.

A lokacin likitocinmu na wani bincike kan yara masu ciwon suga, irin wanda sai da allurar insulin ake rayuwa. Ana ɗibar jinin yaro da na iyayensa, a kuma karɓi ɗan bayan gidan yaron a 'yar roba da muke bayarwa. Shi a robar man shafawa ya kawo, cike taf.

"Ɗan kaɗan aka ce," na faɗa masa.

"Malam Akawu, mu ba ma rowa," in ji shi. "In da abin gani a ciki, su gani da kyau."

Yarinyar ta rufe fuska da hannu. "Baba, don Allah!"

"Yi haƙuri, Uwata. Aikinki ne, ni dako kawai na yi."

Bai yarda a ɗebi jininsa ba sai da likita ta fito ta yi masa bayani a gaban tagata. Ta ce garkuwar jikin yarinyar ce ta juya ta far wa sashen da ke samar da insulin. Akwai abin da yaro kan gada daga uwa ko uba da ke sa ya fi saurin kamuwa, amma da yawa suna ɗauke da shi ba su taɓa yin ciwon ba. Shi ya sa ake duba ƙananan halittun da ke zaune a hanjin kowa, ko suna da hannu wajen tunzura garkuwar.

"Ko suna da hannu," ya maimaita. "Wato ba ku sani ba."

"Ba mu sani ba tukuna."

"To allurar fa?"

"Ita ba fashi. In aka daina, ranta ne a kai."

Ya naɗe hannun riga ya miƙa.

Ƙanƙara gida ɗaya yake da yayansa, mai sayar da tayoyi, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, ya kuma kai shi koyon sana'a. Yayan ya daɗe yana cewa ciwon daga dangin uwar yarinyar ya fito, don su a gidansu ba a san shi ba. Da ya ji asibiti na karɓar bayan gida, sai ya yanke hukunci: ashe ciwon a hanji yake, abin da ke hanji kuwa wanke shi ake yi. Ya sayo maganin wankin ciki, ya kwashe kwalaben insulin daga firjin gida ya zubar, ya ce allura ta ƙare. Matar Ƙanƙara ce ta aika wa mijinta labari a shago. Kafin ya samo wata allurar, yarinyar ta fara amai, aka kwantar da ita a wurinmu.

Da aka sallame ta, ya jawo wani ƙaramin firji da mai shi ya yi watsi da shi a shago, ya sauya masa kwampreso, injin da ke sa shi sanyi, ya kira mai walda ya liƙa masa ƙarfen maƙala kwaɗo, ya datse da kwaɗo. Mabuɗin ya rataya a wuya. Safe da yamma yarinyar takan zo shago, ta zauna kan benci tsakanin tukwanen gas, ya yi mata allura.

Ranar da yayan ya zo shagon ina nan, na kawo firjin gidana da ya daina sanyi. Ya shigo ba sallama, ya dubi kwaɗon, ya dubi ƙanensa.

"Ni ka sa wa kwaɗo?"

"Firji na sa wa, Yaya."

"Kullum kuna huda yarinya kamar tayar da ake nema wa faci! Dubi cinyarta. Ku ba kwa jin tausayi? Likitocin da bakinsu suka ce hanji ne."

"Cewa suka yi suna dubawa. Ga akawunsu nan, tambaye shi."

Na ce haka ne, a gabana aka faɗa. Ko kallona bai yi ba.

"Matarka ce ta juya maka kai," in ji shi. "Ita ta kawo mana ciwon, ita kuma take hana a warkar da shi."

Ƙanƙara ya ajiye sukundireban da ke hannunsa. "Yaya, jinina ma sun ɗiba, ba nata kaɗai ba. Yana iya zama daga gare ni, daga Baba, daga inda kai ma ka fito. Ban sani ba, ba kuma na son in sani don in zagi wani. Daga ko'ina ya zo, ya riga ya zo. Allurar nan za a yi."

"Ni na yi maka aure. Ni na buɗe maka shagon nan."

"Kai ne. Ka ce in kwanta ka taka ni, zan kwanta. Amma wannan mabuɗin ba zan ba ka ba."

Yarinyar na kan benci, ta ƙanƙame jakar makaranta. Yayan ya juya wurinta, muryarsa ta sauko. "Uwata, ba kya son a daina huda ki?"

"Ina so, Baba Babba," ta ce. "Amma ba na son in koma gadon asibiti."

Yayan ya kau da kai daga gare ta. Sannan ya ce wa ƙanensa ya zaɓa: ko mabuɗin, ko gidan. Ba zai zauna yana kallon ana azabtar da jininsa a ƙarƙashin rufinsa ba.

"To, Yaya," in ji Ƙanƙara. "Allah ya huci zuciyarka. Uwata, ɗaga siket, lokaci ya yi."

Ya ciro mabuɗin daga wuya, ya buɗe kwaɗon a gaban yayansa.

A makon suka tashi. Ya kama ɗaki biyu a bayan shago, ya kwashe matarsa da 'ya'yansa. Binciken ya ƙare bayan wasu shekaru. Likita ta tara iyaye ta ce an ƙaru da sani, amma ba a samu abin da zai maye gurbin insulin ba. Yarinyar ta gama sakandare, ita ke yi wa kanta allura yanzu. Ƙanƙara yakan je gaida yayansa duk mako, yayan ya amsa a taƙaice. Gidan dai bai koma ba.