Raƙuman da Ba Su Zo Ba

Na yi shekara talatin da biyar ina aikin ilmi. Na fara da alli a hannu, na gama ina duba makarantu, kuma ban tuna ranar da wani na gaba da ni ya kama ni da kuskure a rubuce ba. Na faɗi haka ne don mai karatu ya san cewa kuskuren da zan ba da labarinsa ba na jahilci ba ne. Da ilmina na yi shi, har tafa mini aka yi.

A Fakku na tashi, cikin ƙasar Kebbe, a hannun kakata ta wajen uba, wadda muke kira Inna Dije. Idan an gama girbi sanyi ya sauko, takan sa a hura wutar kara a ƙofar ɗakinta bayan an ci tuwo. Mu jikoki mu kewaye ta, ita kuwa tana tonon gyaɗa cikin toka da tsinke. Ni take ce wa "maigidana", ta ƙara da cewa ba ta taɓa ganin miji mai rowa da yawan ci kamata ba. Tatsuniyoyinta suna da yawa, kuma kowace takan buɗe ta, ta rufe ta da kalmomin nan da kowane yaro ya sani, waɗanda ke nuna cewa abin da ke tsakaninsu ƙaga shi aka yi. Guda ɗaya ce tak ba ta yi wa haka. Sai dai ta gyara zama, ta ce mu kawo kunnuwanmu, ta fara.

Labarin wani manomi ne mai suna Bawa, wanda mutanen garinsu suka ba amanar rumbun iri a wata shekarar yunwa. Kowane gida ya kawo damin geronsa mafi kyau, aka liƙe bakin rumbun da laka, aka yi alkawari ba mai taɓa shi sai ruwa ya sauka. Ana nan, sai wata baƙuwa ta faɗi a ƙofar gidansa da goyo a bayanta. Nononta ya ƙafe, yaron ko kuka ba ya iyawa. Bawa ya fasa lakar, ya zaro dami ɗaya. Labari ya bazu, masu irin halinta suka yi ta zuwa, shi kuma ya kasa rufe abin da ya buɗe. Da ruwa ya sauka, iri bai kai ba. Gonaki da dama suka zauna ba shuka, har da ta ƙanensa, yunwar da ta biyo baya kuwa ta ci rayuka a garin. Aka kai shi gaban alƙali. Baƙuwar ta zo ta tsaya, ɗanta yana tafiya da ƙafarsa. Ƙanen Bawa ya zo ya tsaya shi kaɗai, domin ya riga ya binne nasa ɗan.

A nan Inna Dije ke tsayawa. "To, alƙali ya buɗe baki," in ji ta. "Ku ne alƙali. Mi kunka gani?"

Sai gardama ta kaure. Yayata Hajo tana bayan Bawa, ni ina cewa amana amana ce. Wata shekarar kuma mu sauya ba tare da mun lura ba. Idan mun matsa mata ta raba mu, sai ta ce, "Ni gyaɗa nika gasawa, ba shari'a ba."

Na girma, na zama malamin makaranta a Tambuwal. A shekarun da aka yi sabuwar jiha kuɗin mai ya shigo, komai ana son a buga shi, na rubuta labarin ya zama ɗan littafi don ajin manya masu koyon karatu. Ban ƙara ba, ban rage ba. Shafin ƙarshe tambayar Inna ce, ƙarƙashinta takarda fara. Har yau ina ganin shi ne mafi kyawun abin da hannuna ya rubuta.

Wata rana wasu samari biyu masu shirya wasan kwaikwayo na talabijin suka zo daga birni neman izinina. Babbansu ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, sannan ya ce, "Malam, littafi ya yi kyau, amma ba shi da ƙarshe. Mai karatu shina iya aje littafi shi yi tunani. Mai kallo kau, in ba ka sallame shi ba, cewa za shi yi wuta ta ɗauke."

Ba na ɗora musu laifi. Sana'arsu suka faɗa mini, ni ne na ɗauki alƙalami. Kafin la'asar na rubuta musu cewa baƙuwar 'yar wani sarki ce daga nesa, kuma alƙali na buɗe baki sai ga raƙuman ubanta shaƙe da hatsi. Kowa ya ƙoshi, aka naɗa wa Bawa rawani. Ban tambayi Inna ba. A ganina tsohuwa ce mai tatsuniya, ni kuwa mai takardar shaida.

Da lokacin nunawa ya kusa, na sayi talabijin mai aiki da batirin mota, aka ɗaure eriya a kan doguwar gora. Na aika aka ɗauko Inna daga Fakku. Ta wuni cikin babbar mota a kan wannan muguwar hanya, ga tsufa, don kawai na ce ina so ta ga inda na kai labarinta. Gidana ya cika har zaure. Aka sa mata tabarma dab da akwatin, saboda idonta ya yi rauni.

In faɗi gaskiya, matar da ta fito a matsayin baƙuwa ta iya, har mata suka share hawaye. Amma Bawan nasu ƙaton mutum ne da aka saba gani yana ba da dariya, mayunwatan kuma kumatunsu sai sheƙi suke yi. Bawan da na yi shekaru ina gani a cikin harshen wuta siriri ne, mai kama da kawuna. Tun daga ranar, ko na rufe ido, ƙaton nan nake gani. Raƙuma uku suka shigo, gida ya ɗauki tafi, sunana ya fito a rubuce. Inna ta naɗe tabarmarta, ta shiga ɗaki.

Da safe na kai mata koko da kaina, ina jiran yabo.

"Maigidana," in ji ta, "wa ya kawo raƙuma?"

"Ni ne, Inna. Don mutane su ji daɗi."

"Sun kau ji." Ta juya ludayi cikin ƙwarya, ba ta sha ba. "Bawa ubana ne. Ina tsaye yaf fasa lakar nan. Babu raƙumin da ya zo. Alƙali bai ɗaure shi ba, bai wanke shi ba. Munka kwashe kayanmu munka bar garin, har ya koma ga Allah shi da ƙanenai ba su sake gaisawa ba. Tun ban isa ɗaukar tulu ba nika tambayar ko daidai ya yi. Kai kuma ka gama shari'ar da alƙalami."

Na so in gyara. Da yamma na sa aka hura wuta, na tara 'ya'yana da na maƙwabta, na roƙe ta ta ba su labarin yadda yake. Ta ba su, muryarta ba ta canja ba. Ta kai inda alƙali ya buɗe baki, ta tambaye su abin da suka gani. Ba wanda ya yi gardama. 'Yata Asma'u ta ce, "Raƙuma sunka zo, Inna. Kin mance?"

Yara suka yi dariya. Inna ta dube ni, ta yi murmushi, ta ce, "Haka ne, ɗiyata, na mance." Sannan ta rufe labarin da kalmomin da ake rufe tatsuniya, abin da ban taɓa jin ta yi masa ba. Ba ta sake ba da shi ba har ta rasu, damina biyu bayan haka.

Yanzu idan jikokina suna musu a kan ko wasan da suka kalla ya kai littafin da aka ɗauko shi daga ciki, sukan juyo gare ni, tunda ni ne tsohon malami. Nakan ce musu su duba inda marubucin ya yi shiru, su ga ko an bar masa shirunsa. Ba su cika fahimta ba, ni ma ba na tsawaita bayani.

Kwafi ɗaya na littafin ya rage a akwatina. Kwanan baya ƙaramar jikata ta karanta shi, ta kawo mini ta ce an yage shafin ƙarshe. Na ce mata ba a yage komai ba, ita ce alƙali. Ta ce ba ta sani ba, ta tambaye ni nawa hukuncin. Na wuce shekarun da Bawa ya yi a duniya, na yanke wa malamai da ɗalibai hukunci ba adadi, amma a gaban yarinyar nan na buɗe baki, na rasa abin cewa.