Ranar da na roƙi Allah kada a kawo wuta

Shekarun baya ina aiki a wani shagon maganin dabbobi a Sabon Gari, Gusau. Ni ne mai ɗan ilimin kwamfuta a wurin, kuma kaina na yi mini girma. Na haɗa tsohuwar kwamfutar ofis, inda muke tara takardu, da ma'ajiyar intanet: abin da aka sa a nan ya bayyana can, kowa ya buɗe a wayarsa. Da Alhaji maigidanmu ya taɓa goge wasu takardu bisa kuskure, sai na ƙara dabara. Na saita kwamfutar ofis ta zama uwa, duk abin da ya ɓace a intanet ta mayar da shi.

Cikin takardun akwai jerin waɗanda muke yi wa dabbobinsu allura: suna, gari, lambar waya, da yawan shanu. Wannan layin na ƙarshe ni na ƙirƙiro shi, har ina yi wa tsofaffi dariya in sun yi nauyin baki wajen faɗa.

Wata rana da hantsi ina Bungudu wajen mahaifiyata, baƙuwar lamba ta kira ni. Abokin aikina ne, wanda ke zagayen allura ta wajen Tsafe, yana haki. 'Yan bindiga sun tare su kusa da 'Yandoto, shi ya faɗa cikin dawa ya tsira.

"Babur da waya dai sun tafi da su," in ji shi. "Kuma ka san wayata ba ta da makulli."

Jerin masu shanu, gari-gari, a hannun mutanen daji. Canza kalmar sirri sai da lambar da ake turawa wayar Alhaji, shi kuwa yana Umara. Nan take na goge jerin daga intanet ta wayata, don ya ɓace a waccan wayar ma. Ban gama sauke ajiyar zuciya ba na tuna dabarata. Na baro ofis babu wuta tun safe, amma da zarar an kawo, kwamfutar za ta tashi da kanta ta mayar da komai. Makullin ofis kuwa yana aljihuna.

Na hau babur ko sallama ban yi wa Inna ba. Duk hanya idona na kan ƙwan lantarkin shagunan bakin titi. Ina jin ni kaɗai ne a Zamfara ranar nan ke addu'ar kada a kawo wuta. Ina shiga Sabon Gari na ji injin niƙa ya tashi, fankar wani mai ɗinki tana juyawa. Na buɗe ofis na fisge wayar wutar kwamfutar daga bango, amma kashin jerin na yankin Bungudu ya riga ya koma intanet. Na sake gogewa. Minti nawa ya yi a can, ko akwai sabis inda wayar take, Allah kaɗai ya sani.

Kwana uku abinci bai wuce mini ba. Na huɗu na tafi Rawayya, a yankin Bungudu, wajen wani dattijo, wanda sunansa ne a farkon jerin, na durƙusa na faɗa masa komai.

"Shanu nawa ka rubuta mani?"

"Shida, Baba."

"To, shidda nac ce maka. Ɗana, wa ka faɗin yawan shanunai ga baƙo? Kowa ƙarya yay yi maka."

Na fara dariyar jin sanyi, shi bai yi ba.

"Amma suna da gari, waɗanga gaskiya munka ba ka."

Alhamdulillahi, babu abin da ya sami kowa ta dalilin jerin nan, iyakar sanina. Na cire layin shanu, na sa makulli a kowace waya, na kashe dabarar mayarwa. Na kuma daina yi wa tsofaffi dariya. Sai dai har yau, in na ji an shiga wani ƙauye ta wajen Bungudu, kafin in ce Allah ya kyauta, sai na fara tambayar sunan garin.