Ranar da Tani Ta Zo Ɗibar Wuta

Autata Nana ce ta hana ni sakat sai an gina mata tanderu a lambun bayan gida. Tun da ta gama makarantar koyon girki ta dawo Ƙanƙara, zancenta ɗaya ne: wai akwai wata gurasar Turawa da ake ce ma fiza, kuma wai ba ta daɗi sai an gasa ta da icce. Na ce oh ni jikar mutum huɗu! Sana'ar da kakata ta tsufa a kanta ce ta zagayo ta cikin waya ta zama gayu? Aka kira magini, ya zo da jan bulo da yumɓu, ya tambayi inda za a kafa shi. Nana ta nuna mashi gindin katangar baya, tsakanin lemo da zogale. A bayan katangar nan kuwa akwai wani kango, kuma Tani ce a cikinsa.

Tani ƙawata ce ta ƙuruciya. Danga ɗaya ta raba gidanmu da nasu a ƙauyenmu Pauwa. Da ɓarayin daji suka tada mutanen gefenmu, ta taho da surukarta da jikoki suka raɓe a kangon nan da aka rufa rabinsa da kwano. Na san da zuwanta sarai. Mun haɗu a wani gidan suna, muka rungume juna har da hawaye, na ce mata ina nan shigowa. Na aika mata da atamfa da sabulu. Amma ƙafata ba ta taka kangon ba, ita ma ba ta ƙwanƙwasa ƙofata ba. Zamanin ne ya zo da haka, kowa ya ja katanga ya ɗora mata waya, maigidana kuma kullum cikin faɗa yake kada a riƙa buɗe ƙofa barkatai. Damina ta wuce, wata ta kama, ina jin tarin Tani ta bayan katanga, kullum ina cewa gobe zan leƙa.

Ina tsaye ina kallon magini yana jera bulo, sai tanderun Iya ya faɗo mani a rai. Iya ita ce ta haifi babanmu, kuma gurasa take yi ta sayarwa. Nata tanderun ba shi da wani ado: ƙatuwar randa ce aka kafa aka yaɓe ta da laka. Sai dai inda ta aje shi ne abin mamaki. Ga fili iya fili a tsakar gida, amma ta kai shi can jikin danga, daidai wata kafa da ta hana a toshe. Babanmu ya yi mita har ya gaji, wai awakin mutane na shigowa ta nan. Iya ta ce mashi, "Awaki na shigowa, iyayen gijinsu ma na shigowa. Bar mani kafata."

Da la'asar sakaliya, idan ta gama manna gurasa, sai mata su fara ɓullowa ta kafar nan, kowace da fasasshen kasko a hannu, sun zo ɗibar wuta su ɗora tuwon dare. Ba wai babu ashana a kasuwa ba, akwai ta. Iya na zaune a kan kujerarta 'yar tsugunne, ta zuba ma wannan garwashi, ta tsokani waccan, ta tambayi jikin yaron wata. Su Tani Maguzawa ne a lokacin, daga baya suka shiga coci, amma ban taɓa ganin Iya ta duba kaskon wa aka miƙo mata ba. Wata idan ta karɓi wutar sai ta ƙi tafiya, ta tsaya tana jujjuya kasko tana zancen ruwan sama. Irin wannan Iya kan ja ta cikin ɗaki, in ta fito ka ga bakin zanenta ya yi nauyi. Mu yara ba mu san mi ake ciki ba, mu dai ƙonanniyar gurasa muke jira.

Bayan an ci tuwo an yi sallar isha'i, jikin tanderun na nan da ɗumi. Nan muke taruwa mu jingina bayanmu da shi, Iya ta tura 'yan karare a sauran garwashi don a ga fuskar juna, ta binne mana dankali a toka. Tani ce ke fara zuwa, ita ce ta ƙarshen tafiya. Kullum sai mun yi faɗa a kan wajen da ya fi ɗumi, ta mintsine ni in rama, Iya ta ce za ta haɗa mu ta manna a tanderu mu gasu tare. Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Sai ta yi gyaran murya ta ce, "To, ga wata can ta biyo hayaƙi tana sallama." Mu kuma mu haɗa baki, "A ba ta tabarma ta zauna!"

Akwai wadda ta fi maimaita mana, ta wata mata mai suna Kande. Wai a garinsu Kande murhunta ne kaɗai ba ya mutuwa, don haka duk unguwa wurinta ake ɗibar wuta. Tun tana jin daɗi har abin ya ishe ta. Wannan ta taka mata shanyar kuɓewa, waccan ta zauna surutu har miya ta kama, ga wata tsohuwa daga ƙarshen gari da ke zuwa kullum, ta karɓi wuta ta ƙi tashi sai an sam mata ɗan ƙanzo. Kande ba ta iya korar mutum ba, sai ta yi dabara. Ta tafi wurin maƙeri ta sa ya ƙera mata ƙyastu mai yawa, ta bi gida gida ta raba, ta koya ma kowa yadda zai ƙyasta wutarsa da kansa. Gari ya ɗauka, ana ta sa mata albarka, ana cewa ba a taɓa ganin mai kyauta irin Kande ba.

Daga ranar ba wanda ya sake zuwa. Kuɓewarta ta bushe tas ba wanda ya taka. Ciyawa ta rufe 'yar hanyar da ta shigo gidanta. Ita kau tsohuwar nan ta ƙarshen gari, ba wanda ya lura an daina ganinta, don ba inda ake sa ran ganinta. Sai da kukan akuyarta ya dami mutane aka tura ƙofa, aka tarar ta riga mu gidan gaskiya, ga ƙyastun Kande a gefenta sabo ful, ga tukunyarta a kife. Nan Iya kan tsaya ta tono dankali, ta ce, "Ta ƙare, wuta ta yi toka, kowa shi nemi makwancinsa."

Ni tatsuniyar nan haushi take ba ni. Babu dodo, babu waƙa, ba a ma hukunta kowa ba. Wata rana na ce, "Iya, to ai Kande kirki ta yi."

Ta ce, "Kirki ta yi mana, ɗiyata. Shi ya sa ba wanda ya iya ce mata komi."

Tani ta ce, "To mi ya hana tsohuwar ta je ta ce yunwa take ji?"

Iya ta dube ta. Can ta ce, "Ke dai ci dankalinki. Allah shi sa kada ki san amsar wannan."

Iya ta rasu ina sabuwar amarya. Tanderunta ya rushe a daminar da ta biyo baya, babanmu ya toshe kafar.

Namu na bayan gida kuwa ya fito tsaf, samansa kamar ƙwaryar da aka kife, har da bututun hayaƙi. Magini ya ce kada a yi mashi babbar wuta yana ɗanye, zai tsage, a riƙa ɗan hura mashi kaɗan kaɗan har ya bushe. Nana ta yi ta ƙorafi kamar ta jawo ranar da hannu. Da ranar ta zo, Nana ta cika shi da icce tun bayan azahar, hayaƙi ya tashi ya tsallaka katanga, ƙamshi ya cika unguwa. Ni ina ɗaki kwance, gwiwata ta matsa mani. Na ji kamar an ƙwanƙwasa ƙofa, na ji Nana ta je ta dawo, ban kawo komi a raina ba.

Sai da muka zauna ci bayan magariba take ba ni labari tana dariya. "Mama, kin san wata tsohuwa ta zo ɗazu da fasasshen kasko, wai a sam mata wuta? A wannan zamanin! Wallahi ta ba ni tausayi. Na ɗauko mata ashana ƙunshi guda sukutum, na ce ta riƙe duka, ba sai ta sake wahalar zagayowa ba."

Na aje lomar da ke hannuna. Na ce, "Ta ce mi?"

"Ta daɗe tana kallon ashanar. Sai ta ce an gode, a gaida Hajiya."

Ban yi ma Nana faɗa ba. Mi ta sani? Yarinyar da ta tashi da murhun gas, wadda ban taɓa zaunar da ita na ba ta labarin Kande ba. Ita ma kirki ta yi. Na so in fita a lokacin, amma an riga an kulle ƙofa, kuma a garin nan yanzu mace ba ta fita bayan duhu. Na kwana ina juyi, ina tunanin irin ƙarfin halin da Tani ta tattaro kafin ta ɗauki kaskon nan ta zagayo, ta tsaya gaban ƙofar ƙarfe ta ɗaga hannu.

Washegari da la'asar na ɗauki kaskon turaren wutata, na zazzage tokar, na yafa mayafi. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma sai da na fita titi na zagaya ta bayan masallaci kafin na iso. A raina na ce zan mayar mata da wasan, in na miƙa mata kasko za ta kwashe da dariya, ta zage ni irin na da, shi ke nan komi ya wuce. Ni a zatona zumunci kawai ta zo nema.

Na yi sallama. Tana zaune jingine da bulo, jikoki na kwance a gefenta shiru, ba mai wasa. Ta miƙe da ƙyar ta kakkaɓe mani tabarma.

"Sannu da zuwa, Hajiya."

Na ce, "Haba Tani, ni ce fa, Dije."

"Na sani, Hajiya."

Na daure na miƙa kaskon, na ce, "Wuta na zo ɗiba."

Ba ta yi dariya ba. Ta juya ta dubi murhunsu, ni ma na duba. Duwatsu ne a jere, kaza ta yi kwanciyarta a tsakiyarsu cikin toka. Ga ƙunshin ashanar Nana can a kan taga, ko ledarsa ba a ɓare ba.

Ta ce, "Ki yi haƙuri, ba mu hura ba. Ashana kam ga ta nan, Allah shi saka. To mi za mu ɗora?"

Wallahi ban san sadda na zauna daɓas a ƙasa ba. Na yi kuka, ita ce ma ke ba ni haƙuri.

A ranar na sa aka kai masu masara da wake da mai, kuma ban daina ba. Tana karɓa, ta yi godiya har ƙasa, ta sa albarka. Godiyar nan ce ke ƙona mani rai, don Tani ba ta taɓa gode mani ba a da, sai dai ta fizge ta ce ai nata ne. Na roƙe ta ta riƙa shigowa, ta ce to. Na ce ta daina ce mani Hajiya, ta ce to, Hajiya.

Yanzu na san abin da ya hana tsohuwar nan ta tatsuniyar Kande buɗe baki, na kuma san dalilin da Iya ta ƙi a toshe kafarta. Mai kasko ba roƙo ta zo ba, maƙwabciya ce ta zo ɗibar wuta kamar kowa, ta shigo da mutuncinta ta fita da shi, ko da bakin zanenta ya yi nauyi. Hanyar da Tani ta sani ke nan, da ita ta zo mani sau ɗaya, aka sallame ta daga bakin ƙofa da kyauta. Abin da nake aika mata yanzu yana cika ciki, amma sadaka ce, ni da ita duk mun san haka.

Nana na gasa fizarta duk ƙarshen mako, kuma ba laifi, ta iya. Da na ga hayaƙi ya fara tsallaka katanga sai in ja kujera in zauna kusa da ƙofa, in ce ma kowa idan an ƙwanƙwasa ni zan buɗe. Har yau ba ta sake zuwa ba.